Turaku Shida a Gindin Kanya

A shekarun da kuɗin man fetur suka fara kwarara a ƙasa, har mu da ke can ƙuryar Faskari sai da yayyafinsu ya taɓa mu. Ba kwalta aka shimfiɗa mana ba, ba kuma asibiti aka gina ba. Waɗannan na mutanen birni ne. Mu abin da aka tuna mu da shi lambatu ne.

Unguwar Kanya ɗan ƙaramin ƙauye ne tsakanin Tafoki da Daudawa, kuma duk wanda ya san mu da fadamarmu ya san mu. Ƙasa ce baƙa wuluk mai kyan gani, amma ba wanda take amfana sai kwaɗi da matsattsaku. Da damina ta kankama ruwa zai kwanta a cikinta wata biyu cur, dawa ta yi ja ta ruɓe a tsaye, mai gona na bakin gona yana kallo. Wani siririn tudu ne ya tare ruwan, ya hana shi gangarawa rafin da ke yamma da gari. Tun kakanni kowa ya san haka, ba dai wanda ya taɓa tunanin a fasa tudun.

Ran nan da rani sai ga malamin gona, Malam Lawwali, a kan jan babur ɗinsa, da takarda a aljihu. Ya ce gwamnati ta ware tallafi don ƙauyukan da aka bari a baya, tun daga Ƙanƙara har Sabuwa, a janye ruwan da ke kwanciya a gonaki. Za ta ba da diga da shebur da kwanon sarki, ta kawo siminti da kwalbati, ta kuma biya ladan haƙa. Namu kawai mu haƙa. Sharaɗin guda ne: a bi inda safiyo, mai awon ƙasa, ya kafa turaku, kada a kauce ko da taki ɗaya.

Safiyo ya zo da ma'auninsa mai ƙafa uku, ya yi kwana huɗu yana leƙe-leƙe a rana, ya jera turaku masu jan fenti tun daga tsakiyar fadama. Layin ya miƙe sak har tudun, ya ratsa shi a inda ya fi siranta, daidai gindin wata tsohuwar kanya da ke ƙarshen gonar Barau.

Barau dattijo ne marar yawan magana, manomin da ba a kushe masa aiki, shi ya sa ma aka ɗora shi a kan masu haƙa. Cikin Maguzanci aka haife shi, sai da ya girma ya yi iyali sannan ya musulunta shi da matarsa Dada. 'Yarsu ɗaya ce, Laraba, tana auren Sha'ibu ɗan mai unguwa Alhaji Ɗanhausa. Matasan garin kan yi mamakin yadda Barau da Dada ke kiran sunan Laraba gatsal, ko a gaban mutane, kamar ba 'yar fari ba. To, ba ita ce ta fari ba. Akwai yaro kafin ita. Ƙyanda ta ɗauke shi yana ɗan shekara uku, shekara ashirin da shida ke nan, aka binne shi a bakin gona kamar yadda ake yi a lokacin, aka ɗora dutse ɗaya. A gindin kanyar nan yake kwance.

Kowa ya san yadda ɗan fari yake a wurinmu: ba a kiran sunansa, ba a ɗaukarsa a bainar jama'a, ba a nuna an damu da shi. Barau da Dada sun riƙe wannan fiye da kowa. Yana raye ba su kira shi ba, da ya mutu ba su yi kukan da wani ya gani ba, bayan nan kuwa ko a tsakaninsu zancen bai sake tashi ba. Tsofaffin da suka yi binnewar sun ƙare ɗaya bayan ɗaya. Laraba kanta ba ta taɓa jin an haifi wani kafin ita ba. Kowace shekara Barau kan bar gindin kanyar bai nome ba, in an tambaye shi ya ce saiwoyi ke karya masa galma.

Ranar da safiyo ya gama, aka taru a ƙofar gidan mai unguwa. Malam Lawwali ya miƙe ya ce, "Jama'a, in akwai rijiya, ko kushewa, ko wani wurin da ba a taɓawa bisa hanyar turakun ga, a hwaɗa yanzu. Mai awo bai tahi ba, sai shi sake lissahi. Ba laihi ba ne."

Barau na zaune a tabarma ɗaya da surukinsa Alhaji Ɗanhausa, ga Sha'ibu tsugune a bayansu. Ta ina zai fara? Ya buɗe baki gaban suruki da mijin 'yarsa ya ce ɗana na fari?

Malam Lawwali ya dube shi. "Malam Barau, gonarka ce za a yanka. Ko kana da magana?"

"Babu, Malam. Allah shi sa albarka."

Ni dai har yau in na tuna wannan amsa sai raina ya ɓaci. An buɗe masa ƙofa, an riƙe masa ita, ya ƙi shiga. Amma in gaskiya za a faɗa, ban san namiji ɗaya a taron nan da zai iya abin da Barau ya kasa ba.

Ranar Juma'a da tsakar rana, maza duk sun tafi masallaci Daudawa, Barau ya ce ciki ke damunsa. Da gari ya yi tsit ya nufi tudun, ya tuge turaku shida, ya matsar da su taki arba'in kudu da kanya. Ya lanƙwasa layin a hankali da idon manomi, yadda in ba ka sani ba sai ka rantse haka aka kafa shi. A ransa cewa ya yi, ai bayan tudu duk gangare ne, ko ta ina aka fasa rafi ruwan zai nufa.

Ba haka ba ne. Daga gindin kanya ƙasa rafi take gangarawa. Daga inda ya mai da turakun kuwa wani tsohon kwari take faɗawa, busasshe, wanda ko akuya ba ta jiƙa ƙafa a cikinsa. Kwarin ya zagaya bayan gari ya yi gwiwa, a cikin gwiwar nan kuwa Sha'ibu ya gina sabon gidansa da kuɗin auduga, rufin kwano, bangon ƙasa.

Wata biyu aka yi ana haƙa. Da Malam Lawwali ya zo duba aiki ya tsaya a lanƙwasar ya daɗe yana kallo.

"Kamar ba nan na bar layin ga ba."

"Dutse muka iske, Malam," in ji Barau, idonsa a ƙasa.

Malam Lawwali bai gamsu ba. Ya ce zai sa safiyo ya dawo ya sake dubawa. Amma safiyo na can Sabuwa da nasa aikin, hanyar Sabuwa kuwa wanda ya taɓa bin ta ya san ba a yi mata alkawari. Kafin ya dawo ruwan shuka ya sauka.

Ruwan farko mai ƙarfi da aka yi, kafin hantsi fadama ta tsane. Mutane suka fito suna kallon baƙar ƙasar nan da ba su taɓa gani ba ruwa a kanta, suna sa wa gwamnati albarka. Aka shuka masara, aka shuka dawa, har masu son banza suka fara jayayyar iyaka a kan filin da jiya ba mai ɗaukarsa ko kyauta. Barau shi kaɗai ya bi ruwan ya ga inda ya tafi. Ya bi lambatun ya ratsa tudu, ya ga ruwa ya yi kwana ya bar hanyar rafi, ya shiga kwari. Ya yi ta bin sa har ya tsinci kansa a bayan katangar Sha'ibu. Ruwan bai wuce idon sawu ba, amma yana lasar gindin bango. Daga cikin gida yana jin muryar Laraba tana yi wa yara faɗa.

Tun daga ranar tsoro ya shige shi bai sake fita ba. Abin da ya gane, wanda sauran ba su lura ba, shi ne wannan: ruwan da a da yake kwanciya wata biyu a fadama, yanzu a yini ɗaya zai fita, kuma ta hanya ɗaya. Wannan fa farkon damina ne. Ina ga watan marka?

Laraba na da tsohon ciki, na uku. Barau ya daure ya sami Sha'ibu a gona. Sha'ibu ya ajiye fartanya ya durƙusa.

"Da ka bari ta dawo gida ta haihu," in ji Barau.

"Baba, ai na ukku ne. An ma tara itacen wanka, kuma Inna ta ce za ta zo ta zamna da ita. Ko wani abu muka yi?"

"Ba ku yi komi ba."

Ya tsaya kamar zai ƙara, sai ya ce Allah shi raba lafiya, ya juya. Don in ya ce kwari, za a ce me ya kai ruwa kwari. In ya ce turaku, za a ce me ya sa.

Sai ya koma ɗibar duwatsu. Kullum da sassafe yana nan da kwanon sarki a ka, yana jera su a bayan katangar Sha'ibu. Mutane suka sa shi a baki, wai Malam Barau ya ɗanɗana kuɗin gwamnati ya zama ɗan kwangila. Bai kula ba. Ya rame, tuwo ya daina shiga. Da hadari ya taso daga gabas sai ka ga ya saki abin da yake yi ya tsaya yana kallon sama, leɓɓansa na motsi. Manomi ne da ya yi shekara hamsin yana roƙon ruwa, ga shi yau yana roƙon kada a yi.

Dada na ganinsa. Sau ɗaya ne, tana kwashe kwanon da bai taɓa ba, ta ce ba tare da ta dube shi ba, "Na ga kanya na nan."

"Tana nan."

Iyakar maganar ke nan. A nan ya san ta sani tun tuni, ita ma kuma bakinta a ɗaure yake kamar nasa.

Laraba ta haihu ranar Talata, namiji. Ranar Asabar marka ta sauka, ta ƙi ɗaukewa. Asabar, Lahadi, ba tsawa ba iska, zuba kawai. Ranar Litinin, jajiberin suna, sama ta ɗan washe da safe, Sha'ibu ya tafi Tafoki sayen rago, mata suka shiga gidan mai jego ana daka ana surfe. Bayan azahar gari ya sake rufewa, ya yi baƙi ƙirin. Ruwan da ya sauko a wannan la'asar ban taɓa ganin irinsa ba, kamar da bakin ƙwarya ake juye shi.

Ƙasa ta riga ta ƙoshi. Duk ƙananan magudanun da muka haƙa da hannunmu suka kwaso ruwan fadama a lokaci guda suka zuba a lambatu, lambatu ya zuba a kwari. Ƙarar aka fara ji kafin a gan shi, wani gunji kamar babbar mota na hawa tudu. Da ya iso gwiwar nan bai tsaya bin kwana ba, ya rabu biyu, rabi ta baya rabi ta ƙofar gida. Duwatsun Barau ko gezau ruwan bai yi da su ba. Kafin a ce wani abu gidan Sha'ibu ya zama tsibiri, a ciki akwai Laraba da jariri, da yaranta biyu, da uwar mijinta Hajaratu, da wasu mata uku.

Gari duk ya taru a gaɓa ana salati. Ruwan ja ne, yana tafe da kara da itatuwa, ya kai ƙirjin namiji kuma ƙaruwa yake yi. Sha'ibu ya iso da ragonsa, ya sake shi, ya ɗaura igiya a ƙugu ya faɗa. Taki uku ya yi ruwa ya kwashe ƙafafunsa, da ƙyar aka jawo shi yana aman ruwa. Rumbu ya karkata ya kife. Katangar baya ta zauna a hankali kamar tsohon da ya gaji da tsayuwa. Aka hango matan sun taru a bakin zaure, Laraba ta ɗaga jaririn sama da kafaɗarta, tana buɗe baki, ba a jin abin da take cewa.

Barau na tsaye a gaɓa. Sai ya yi wata tsawa da ba a taɓa jin irinta a bakinsa ba.

"Ku ɗauko diga! Kowa shi ɗauko diga shi biyo ni! Ba nan za a tare shi ba!"

Ya ruga tudu, dattijo yana gudu yana zamewa a taɓo, maza wajen talatin na bayansa, har da Alhaji Ɗanhausa da sandarsa. Fadama ta cika ta batse har tana taɓa saiwar kanya. Kamu kaɗan ne na ƙasa ya rage tsakaninta da gangaren rafi.

A gindin kanyar suka iske Dada. Ta riga su. Tana durƙushe cikin ruwan sama, ta mirgine dutsen gefe, ta ajiye ƙwarya da wani farin zane da ta ƙudundune a hammata don kada ya jiƙe. Da ƙaramar fartanya ta fara, sannan ta ajiye ta ta ci gaba da hannu. Mazan suka yi cirko-cirko da digoginsu, ba wanda ya gane abin da ke faruwa. Barau ya durƙusa kusa da ita ya sa nasa hannun.

Ba zurfi. Abin da suka samu bai taka kara ya karya ba: 'yan ƙasusuwa ƙanana da suka yi launin ƙasa, da wata munduwar ƙarfe da ba za ta shiga yatsu uku na babba ba. Dada ta riƙa tsinta ɗaya bayan ɗaya tana sawa a ƙwarya. Da ta ɗauki munduwar sai ta yi magana, ba da ƙarfi ba, amma na kusa duk sun ji.

"Taso, Rabo. Taso, ɗana. Ƙanwarka ce ruwa za shi ci."

Shekara ashirin da tara ke nan tun ranar da aka raɗa sunan, Barau bai taɓa jin sa a bakinta ba. Ya dafa ƙasa da hannu biyu, kafaɗunsa suka shiga girgiza.

Alhaji Ɗanhausa ya matso ya leƙa ƙwaryar. "Barau, mi nike gani haka? Wane ne wanga?"

Barau ya ɗago, ruwa da hawaye sun haɗe a fuskarsa. "Ɗana ne, Alhaji. Na hwari. Nan turakun suke, ni na ɗage su. Ku hwasa nan."

Ba wanda ya tsaya tambaya. Dada ta rufe ƙwaryar da farin zanen ta matsa gefe, digogi suka sauka. Barau ne ya fara sara, daidai wurin. Wasu suka ruga lanƙwasar suna cusa rassa da duwatsu da buhunan ƙasa don su rage ƙarfin lambatu. Ƙasar tudun ta jiƙe sharkaf, ba ta yi gardama ba. Da aka buɗe hanya kamar faɗin tabarma, ruwan ya karɓi aikin da kansa, ya yi ta yagar gefe da gefe, har sai da maza suka ja da baya. Kanyar ta yi ƙara, ta karkata, ta bi ruwa zuwa rafi da saiwoyinta a sama.

Suka dawo gaɓar kwari da gudu. Ruwa ya riga ya shiga zaure, ɗaki biyu sun faɗi, ciki har da na mai jego. Wani ya kafa kara a bakin ruwa aka zuba masa ido. An daɗe ba abin da ya canza. Can sai aka ga jiƙaƙƙen wuri ya bayyana a jikin karan, ɗan yatsa ɗaya, sannan biyu. Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa, aka ce ta yi shiru tukuna.

Dab da magariba ruwa ya dawo gwiwa. Maza suka riƙe igiya aka yi layi, aka fito da su ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya rasa ransa. Sha'ibu ya rungumo jaririn a cikin rigarsa. Ba wanda ya ce wa Barau uffan, ko na zargi ko na godiya; shi ma bai tsaya jira ba, ya ɗauki jikarsa ƙarama a kafaɗa ya yi gaba.

Gidan iyayenta aka kai Laraba, tunda nata ya tafi. Dada ta hura wuta a ɗakinta, ta ba ta busasshen zane, ta karɓi jaririn tana goge shi. Laraba na zaune a bakin gado haƙoranta na kaɗawa, sai idonta ya faɗa kan ƙwaryar da ke ajiye a kan tabarmar salla, an lulluɓe ta da farin zane mai taɓo a gefe.

"Inna, mi ne ne cikin ƙwaryar can?"

Barau na tsaye a bakin ƙofa. Dada ta dube shi, shi ma ya dube ta, bai sunkuyar da kai ba. Ta gyara wa jaririn kwanciya a cinyarta.

"Yayanki ne, Rabo," ta ce. "Shi ya matsa ya ba ruwa hanya."